Tarihin da ba a koya mana a aji ba shi ya fasa min aure

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamar makaranta ce a Kano, ƙaramar sakandare ta gwamnati nake koyarwa, kuma na daɗe ina so in faɗi wannan labarin nawa amma nauyin baki yake hana ni, dan magana ce da a gidajenmu ba a yinta da ƙarfi sai dai ƙasa-ƙasa in an tabbatar yara sun fita tsakar gida. Yanzu kam na kai shekarun da bana jin kunyarta kuma na nemi izinin mahaifiyata tace in faɗa, sunaye ne kawai bazan kama ba, na mutane da na makarantu duka.

Mu 'yan tsarin karatu na 6-3-3-4 ne, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. A firamare da ƙaramar sakandare babu wani darasi mai suna tarihi tsaye da ƙafarsa, a cikin soshiyal ake ɗan tsakuro mana, sai da na shiga babbar sakandare na zaɓi ɓangaren at, wato wanda ba na kimiyya ba, sannan na zauna ajin tarihi sosai, mu kaɗan ne ma dan yawancin ƙawayena darasin gwamnati suka ɗauka wai yafi sauƙin ci a WAEC. Malaminmu mutumin kirki ne Allah ya saka masa, amma yadda aka koya masa haka ya koya mana, ya shigo ya cika allo da rubutu daga wannan bangon zuwa wancan, mu kwafa, ya goge ya sake cikawa, ranar gwaji ka dawo masa da abunsa yadda ya baka. Har yau in kika tashe ni daga barci zan karanto miki. Bayajidda ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, Hausa bakwai da banza bakwai, Bagauda 999, Rumfa 1463 zuwa 1499, jihadi 1804, Mungo Park da kogin Kwara, Mary Slessor da tagwaye a Kalaba, Turawa sun ci Kano 1903, an haɗe kudu da arewa 1914, 'yancin kai 1960. Na haddace su tas kuma naci jarrabawa da sakamako mai kyau har Baba ya siya min agogon hannu.

Cinikin bayi ma mun yi shi, babi guda cur. Amma wanne? Na teku. Jiragen ruwa, Badagiri, sarƙa a wuya, gonakin rake a Amurka, Ingila ta haramta a 1807. Ina tuna har hawaye nayi da naga zanen yadda ake jera mutane a cikin jirgi a littafinmu, nace Allah sarki mutanen kudu sun sha wuya. Wallahi ko sau ɗaya ba a taɓa ce mana a kasuwar Kurmi da muke zuwa siyen kayan kamu da turaren wuta akwai ɓangaren da aka riƙa saida mutane har zuwa shigowar Turawa ba, kuma daga makarantarmu zuwa Kurmi tafiyar ƙafa ce. A kaina tarihi wani abu ne da ya faru ga sarakuna da Turawa da mutanen nesa, gidanmu kuwa bashi da tarihi, mu dai gamu nan kawai, Baba tela ne, kakanmu manomi ne a wajajen Fanisau, shikenan.

Ina shekarar ƙarshe a NCE aka sa min rana. Yaron ɗan cikin gari ne, gidan 'yan kasuwa, mun daɗe tare kuma tsakani da Allah yana sona. An kawo kuɗin gaisuwa, an kawo na sa rana da goro da alawa an raba wa dangi, Baba har ya fara biyan kafinta kuɗin gado da kujeru a hankali a hankali, Umma tana tara kwanuka da kuloli a ƙarƙashin gadonta. Rannan bayan la'asar sai ga baffanninsa biyu, basu ko shiga soro sun zauna sosai ba, sukace wa Baba a yi haƙuri sun sake shawara, abun da aka kawo ma sun yafe. Baba yace laifin me yarinya tayi, sukace babu, kawai dai Allah bai yi ba. Sai daga baya a gidan wani suna maganar ta fito, wata gwaggonsa ce ta tashi takanas ta tafi ƙauyenmu bincike, ta samu wani tsoho ya ce mata ai waɗannan 'yan gandu ne, asalinsu bayin sarki ne, ta dawo ta tara dangi tace in dai tana numfashi ba za a haɗa musu jini da bayi ba. Shi yaron yazo sau ɗaya da daddare ya tsaya a ƙofar gida yana kuka, yace bazai iya saɓa wa mahaifinsa ba. Ban riƙe shi ba har ga Allah.

Abun da ya fi ƙona min rai a lokacin ba ma fasa auren bane, a'a, yadda kowa a gidan ya sani banda ni. Na tambayi Baba ya tashi ya fita masallaci alhali lokacin sallah bai yi ba. Na tambayi Umma tace ke dai kiyi haƙuri wani hanin ga Allah baiwa ne. Wata mata da bata taɓa ganina ba ta san kakannina ta kuma yanke min hukunci da su, ni mai kiredit a tarihi ban san komai ba. Na daina cin abinci, na rame, na kusa ajiye karatun gaba ɗaya.

Kakata ta wajen uba ce ta kira ni, Inna muke ce mata, ita kuma kishiya take ce min tun ina ƙarama saboda wasan jika da kaka. Ranar babu wasa a fuskarta. Tace kishiya rufo ƙofar ki zo ki zauna, ubanki bazai iya faɗa miki ba dan shi ma kunya aka shayar dashi, ni kuwa na ga matar da idona, a bayanta na yi wayo. Tace kakarta ce, wacce ta haifi uwarta. An kamo ta tana yarinya ƙarama ko haƙoran gaba bata gama famfara ba, daga wajajen duwatsun Ningi, Bawarjiya ce, wato 'yar ƙabilar Warjawa, a zamanin da Kanawa da Ningawa suke kai wa juna hari, yau waɗannan su kwashi mutanen waɗancan gobe waɗancan su rama. Sun fita ɗebo ruwa ne da yayarta mahaya suka zagaye su, yayar aka yi wani wajen da ita basu ƙara haɗuwa ba har abada, ita kuma aka kawo ta gandun sarki a Fanisau aka canza mata suna. A nan ta girma, ta musulunta, aka aura mata wani bawan shi kuma a gandun aka haife shi.

Inna tace tsagar fuskarta daban take da ta kowa a ƙauyen, kuma Hausarta ta fita tas ba zaka ce ba Bakanuwa bace, sai a waje ɗaya, in ta durƙusa a dutsen niƙa. Nan ne take wata waƙa da wani yare da babu mai ji, baiti biyu ne kacal take ta maimaitawa, in an tambaye ta ma'anarsa sai tace ita ma ta manta, sautin ne kawai ya rage mata, uwarta ce take yi. Inna ta rera min shi a ɗakin nan da muryarta ta tsufa, ita ma bata san me take cewa ba, ni ma ban sani ba, muka zauna muna kuka mu biyu.

Sannan ta jawo adakarta ta ƙarfe daga ƙarƙashin gado, can ƙasan zannuwa ta ciro wata 'yar jakar fata da ta bushe ta yi baƙi, a ciki akwai takarda an ninke ta huɗu har gaɓoɓin ninkin sun fara rabewa, rubutun tawada da Larabci da hatimi a ƙasa. Tace wannan takardar alƙali ce, ta fansa. Mijin tsohuwar ya riƙa yin murgu, wato yana aikin kansa yana biyan ubangidansa wani abu, da jirgin ƙasa ya iso Kano gyaɗa ta yi kuɗi sai ya dage da noman gyaɗa a ɗan gayaunansa, aka yi yunwar Kakalaba ta cinye abun da ya tara har ɗansu guda ya rasu a cikinta, ya sake farawa daga tushe, sai da ya fanshi kansa sannan ya fanshi matarsa a gaban alƙali aka rubuta musu. Tace kishiya ki kalle ta da kyau, mutumin da ya sayi kansa da matarsa da fartanya shine ake ce miki ki ji kunyarsa. Tace wanda ya kamo yarinya daga bakin rafi jikokinsa suna yawo da babbar riga babu mai fasa musu aure.

Wannan maganar ta Inna ita ta tashe ni. Ban zama wata jaruma a dare ɗaya ba, na daɗe ina jin ciwon, amma na koma makaranta kuma na shiga laburare da yunwar da ban taɓa ji ba, duk littafin da ya taɓo Kano a ƙarni na 19 sai na bi shi, ina tambayar malaman sashen tarihi har suka gaji dani. Abun mamaki duk abun da Inna ta faɗa yana nan a rubuce, ita da bata taɓa shiga aji ba. Fanisau ribaɗi ne, wato garin tsaro, da aka ƙarfafa zamanin Sarki Ibrahim Dabo saboda yaƙi da Ɗan Tunku kuma akwai gandayen sarauta a kewayensa. Rikicin Kano da Ningi ya ɗauki shekaru masu yawa, Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙinsa. Layin dogo ya iso Kano 1911 aka buɗe shi 1912 kuma nan take gyaɗa ta zama kuɗi. Kakalaba 1913 zuwa 1914. Dokar Turawa ta 1901 ta hana kamu da saye da sayarwa, tace duk ɗan da aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar ɗa ne, amma bata 'yanta waɗanda suke hannu ba, su sai dai su fanshi kansu, sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. 1936 fa jama'a. Innata tana raye a lokacin tana wasan 'yar tsana. Mu kuwa an sa mu haddace 1807 ta Ingila an tsallake wannan.

Na kuma gano abubuwan da suka ƙara ɗaure min kai game da masu cewa asali asali. A fadar Kano manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suna da iko da dukiyar da hakimai da yawa basu da ita, ta hannunsu ake ganin sarki. Sarakuna da yawa a ƙasar Hausa 'ya'yan ƙwarƙwarori ne kuma a shari'a ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne cikakke yana gado yana sarauta, to in jinin baiwa yana ɓata zuri'a ina za a kai waɗannan gidajen? Tun wajen 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa yace mutanen Kano da Katsina da Barno musulmi ne bai halatta a bautar dasu ba, wanda ke nuna maka mu ma an kama namu an kai Arewacin Afirka, Bahaushen da yake taƙama yau wataƙila ɗan uwan kakansa a can ya ƙare. Shi kansa jihadin da muka haddace shekararsa, cikin abubuwan da suka hura wutarsa akwai mutanen Gimbana, jama'ar Abdussalami, da mayaƙan Gobir suka kama suka biyo dasu ta kusa da Degel a ɗaure almajiran Shehu suka kwance su. Ba a faɗa mana wannan ba, yaƙin Tafkin Kwatto kawai aka bamu da shekara. Kuma dukkanmu mun san ayar cikin Hujurati cewa mafificinku a wurin Allah shine mafi taƙawa, mun san Sayyadina Bilal, ana karantawa a wa'azi kowa na gyaɗa kai, ranar bincike aure kuma a ajiye ta a gefe.

Allah cikin ikonsa ya haɗa ni da maigidana bayan na gama, malami ne shi ma. Ranar da ya zo zance na biyu na faɗa masa komai tun kafin magana tayi nisa, yayi shiru sannan yace to ni kakana mahauci ne kin ga sai mu haɗu mu rufa wa juna asiri. Inna ta ga aurena ta ga 'yata ta fari kafin Allah ya karɓi abarsa, Allah ya jiƙanta ya sa aljanna ce makomarta.

Na fara koyarwa soshiyal aka bani. Ina cikin aikin aka zo da sabon tsarin manhaja wajen 2009 zuwa 2010 tarihi ya fita daga matakin farko, ana cewa ɗalibai basa so, babu malamai, babu aikin yi ga wanda ya karanta shi. Raina ya ɓaci amma in faɗi gaskiya irin tarihin da aka cire ɗin ba shi nake wa kuka ba, dan na san abun da ya tsinana min. Abun da na gani da idona a shekarun nan shine yara basu daina koyon tarihi ba, sun ci gaba da koyonsa a bakin gwaggonni da majalisar ƙofar gida da waya, inda babu mai cewa ina hujjarka. A can ake koya musu su waye bayi, su waye maƙera da wanzamai da mahauta da ba a aurensu, wace ƙabila ce maciya amana, wa ya kashe wa a 1966. Yaro ɗan shekara goma sha uku zai faɗa miki wannan da cikakken yaƙini amma bai san me yasa ake ce wa unguwarsu Tudun Nufawa ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da tarihi tace za ta horar da malamai 3,700, ɗari daga kowace jiha da Abuja. Na yi murna, sai dai ki auna malami ɗari da yawan makarantun jihar Kano. A makarantarmu da aka sa shi a jadawali babu wanda ya karanci fannin, na ɗaga hannu nace a bani.

Aji na yara sun haura ɗari, wasu a ƙasa suke zama, littafi kuwa nawa ne kaɗai sai na wasu 'yan tsiraru. Satin farko ban rubuta komai a allo ba sai tambayoyi, nace kowa yaje wajen wanda ya fi tsufa a gidansu ya gaishe shi da ladabi ya tambaye shi daga ina kakanninmu suka zo, wace sana'a suka yi, wace yunwa ko annoba ko yaƙi ya tuna ko aka bashi labari. Na kuma ce musu abun da tsoho yace kar a faɗa a waje to amana ce kar a kawo min, wanda aka yarda kawai za a rubuto.

Wallahi abun da yaran nan suka dawo dashi ya fi littafin da ke hannuna. Wani yace su Agalawa ne kakan kakansa da jakuna yake zuwa Gwanja sarin goro tafiyar watanni, har yanzu suna da dangi a Kumasi da suke zuwa biki, daga nan na shigar musu da fataucin goro da madugai da zango da Alhassan Ɗantata wanda shi ma ta wannan hanyar ya fara kafin gyaɗa. Wata yarinya tace kakarta tace suna da 'yan uwa a Sudan da ake aiko musu da turare amma bata san dalili ba, nace zauna ki ji, na basu labarin Sarkin Musulmi Attahiru da ya ƙi zama ƙarƙashin Turawa ya yi gabas jama'a suka bi shi, aka kashe shi a Burmi 1903, ɗansa ya wuce da sauran mutane suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu, ga kuma masu tafiya hajji a ƙasa da suke yada zango a can shekara da shekaru wasu basu dawo ba. Yarinyar nan idonta kamar zai faɗo, washegari tazo tace kakarta tace haka ne Burmi ɗin ma ta taɓa ji a bakin babanta. Wani ɗan Ayagi ya gano kakanninsa Yarbawa ne aji ya ɗauki ihu ana tsokanarsa, nace to ku tsaya, wa ya san asalin Zangon Barebari, wa ya san Agadasawa, Dandalin Turawa wane Turawan ake nufi, Sharifai fa, Madabo fa da Wangarawa. Kafin a buga ƙararrawa kusan rabin ajin sun gano daga wani wuri aka zo dasu, mai tsokana ya rasa wanda zai tsokana. Har wasan da suke yi tsakanin Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, ranar suka fara tambaya ashe shi ma yana da tushe.

Wani yaro shiru-shiru ya rubuto cewa a rikicin 1966 kakarsa ta ɓoye wata maƙociyarta Inyamura da 'ya'yanta a rumbu har aka samu hanyar kaisu tasha. Na karanta wa aji da izininsa, babu wanda ya yi motsi.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani uba yazo har ofis a fusace yace me ya haɗa makaranta da asalin gidansa, boko aka kawo yaro ya koya ba tone-tone ba. Shugabar makaranta ta kira ni, na gaishe shi nace Alhaji ka yi haƙuri ba dole bane, in baka so ɗanka ya rubuto tarihin kasuwar unguwarku ko masallacinku makin ɗaya ne. Ya tafi yana faɗa. Ban ji haushinsa ba ko kaɗan dan na gane irin tsoron, irin na Babana ne da ya tashi ya tafi masallaci.

Darasin bauta kuwa ina yinsa duk shekara in mun zo kan shigowar Turawa, ina yin na teku yadda manhaja tace sannan in ce to yanzu mu dawo gida. In faɗa musu Kurmi, in faɗa musu gandu da murgu da fansa, 1901 da 1936, bayin sarki masu iko da bayin gona marasa komai, wanda aka kama da wanda ya kama. Bana kiran sunan gidan kowa kuma na hana kowa nuna wani da yatsa, amma ina ce musu ni malamarku da ke tsaye a gabanku jikar baiwa ce, ga yadda aka kamo ta ga yadda mijinta ya fanshe ta. Shekarar farko da na faɗa ƙafafuna rawa suke. Bayan an tashi wata yarinya ta tsaya har kowa ya fita, tazo ta durƙusa kusa da teburina tace Malama mu ma haka ake ce mana a unguwa, yayata ma saboda haka aka fasa aurenta, na ɗauka wani laifi kakanninmu suka yi. Nace babu laifin da suka yi 'yata, su aka yi wa. Tace to Malama zan iya faɗa wa yayar tawa, nace ki faɗa mata, in tana so ma tazo mu yi magana. Ta zo kuwa, har gida.

Bara aka zo neman auren babbar 'yata. Baffanta, ƙanin maigidana, yace dan Allah a bar maganar nan a rufe tunda zamani ya canza babu mai tonawa, nace Baffa kayi haƙuri ni aka yi wa na san yadda take, gara su ji daga bakinmu tun ba a karɓi ko sisinsu ba. Maigidana ya goya min baya, ranar da manyansu suka zo shi da kansa ya faɗa musu a soro, nasa da nawa duka. Mahaifin yaron yace shi addini da tarbiyya yazo nema kuma ya gani. Amma maganar da ta isa cikin gidansu sai da aka kai ruwa rana, wata yayar mahaifiyarsa ta rantse ba za ta taka bikin ba kuma ta ja wasu suka ƙi yin anko. An ɗaura aure bayan babbar sallah, bata zo ba, har yau bata taka gidan yarinyar ba ko da ta haihu. 'Yata takan kira ni wani lokacin tana kuka akan haka, in ce mata ta ci gaba da gaishe ta duk sallah, ta kai mata jaririn in an yi arba'in ko ta karɓa ko kar ta karɓa.

Takardar alƙalin tana hannun Baba yanzu, shi da kansa ya kai aka yi mata hoto aka rufe ta da leda ya raba wa 'ya'yansa kwafi, mutumin da a da ko zancen baya iya ji. Zangon karatu mai zuwa ina so in kai 'yan aji uku Gidan Makama daga nan mu taka zuwa Kurmi mu ɓulla marinar Ƙofar Mata, na rubuta takardar neman izini tana ofis, kuɗin mota ne bamu gama haɗawa ba, iyaye kaɗan ne suka kawo nasu zuwa yanzu.